Neman shawara: littattafan da nake haɗawa da ragowar takardu suna ɓarewa

Malamar Firamare, Kano

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Don Allah ina neman shawarar waɗanda suka san kan takarda da ɗinki.

Duk ƙarshen zango sai ka ga littafin yaro mai falle 40 ko 60 an rubuta rabi, sauran fari tas, amma da an shiga sabon aji sai a ce sabon littafi. Tsohon kuwa ko ya ƙare a wurin mai ƙosai ko a bola. Abin yana ci mini rai, don a ajina akwai yaran da littafi ɗaya suke cusa darussa uku saboda iyayen ba su da halin saye. Shi ne na fara ciro fararen shafukan ina tarawa, in yi musu bango da kwalin taliya, in lulluɓe da ƙyallayen atamfa da nake karɓowa wurin telan layinmu.

A ido suna da kyau, yara ma rububinsu suke yi. To amma gam nake shafawa a ƙeyar littafin, kuma da yaro ya buɗe shi sosai sai shafukan su fara zarewa ɗaya bayan ɗaya. Bangon kuma in ya bushe sai ya lanƙwashe ya ƙi rufuwa. Sannan shafukan da aka riga aka rubuta, na jiƙa su na kirɓa a turmi na shimfiɗa a rariya don in fitar da sabuwar takarda. Ta fito, amma kauri gare ta, tana karyewa in an ninke, biro mai ruwa kuma bajewa yake yi a kanta. Me ya kamata in gyara? Allah ya saka da alheri.

Mai Aikin Ɗab'i, Zariya

Wa alaikumus salam Malama, Allah ya ba da lada. Gam ba zai riƙe miki shafi ba. Littattafan kamfani da kike gani an liƙe ƙeyarsu, gam ne mai zafi da inji yake narkawa bayan ya kankare bakin takardar, kuma ko su ɗin ai kina ganin yadda suke ɓarewa. Ɗinki za ki yi.

Littafin makaranta takardu ne dogaye aka ninke biyu aka danna musu ƙarfe a tsakiya, don haka in kin ciro fararen, falle ɗai-ɗai za ki samu. Kada ki ce za ki ninke su ki ɗinke ta tsakiya, layukan rubutun za su koma a tsaye. Irin waɗannan ta gefe ake ɗinke su. Ki daidaita falle 30 zuwa 40, ki matse su, ki huda rami huɗu ko biyar a gefen hagu, kamar santimita ɗaya da rabi daga baki, wato cikin filin nan da ke bayan jan layi inda dama ba a rubutu. Zaren ya shiga kowane rami ya zagayo ta ƙeya, ki bi har ƙasa ki dawo, ki ɗaure a inda kika fara.

Abin da mutane ke mantawa shi ne bangon gaba. In kin ɗinke kwali ɗungurungum, littafin ba zai buɗu ba sai an karya shi. Ki yanka kwalin gida biyu: siririn yanki mai faɗin santimita 2 wanda ɗinkin zai bi ta kansa, da babban yankin. Ki bar tazarar rabin santimita a tsakaninsu kafin ki lulluɓe da ƙyalle. Wannan tazarar ita ce gaɓar da bangon zai riƙa buɗewa.

In kuma kin samu A4 wadda ba a ɓata ba, ita kam ninkewa ake yi, huɗu ko biyar a haɗe, a ɗinke ta cikin ninkin da rami uku. Ki leƙa wata maɗaba'a kusa da ke ki tambayi rarar yanka. Farar takarda ce sabuwa fil, mu dai tarawa muke yi har ta isa a kwashe.

Baban Dukawa

'Yata, sannu da ƙoƙari. Batun lanƙwashewar bango, ba laifin kwalin ba ne. Duk abin da kika liƙa da danshi, in zai bushe sai ya ja. Kin liƙa ƙyalle a waje, kin bar ciki haka nan, to wajen ya ja babu mai ja da shi. Ki liƙa takarda a cikin bangon ita ma, a zama ɗaya, sai jan ya zo daidai. Daga nan ki sa leda tsakanin bango da shafuka don kada danshi ya ratsa, ki ɗora katako mai laushin fuska, ki aza bulo ko jarkar ruwa a kai, ya kwana. Kada ki shanya a rana don ya yi saurin bushewa, balle da hunturu.

Kwalin taliya kuma ramuka ne a cikinsa, da an danna ya loɓa. Ki nemi kwali mai tauri marar rami, irin na kwalin takalmi ko bayan kalanda. In babu, ga amfanin rubutattun shafukan nan da kike wahalar kirɓawa: ki dama sitaci, ki liƙa su bisa juna kamar goma sha biyu ko fiye, ki danne su bushe. Za su ba ki bango mai ƙarfi, kuma ƙyalle zai rufe rubutun.

Zare, ki sayi na masu gyaran takalmi, ki ja shi a jikin kakin zuma sau biyu, in babu kaki kyandir ma ya yi. Ba zai tsinke ba, ba zai cukurkuɗe ba. Basilla ƙarama ta fi allurar ɗinki. Sannan ki je wurin dukawa a Kasuwar Kurmi ki ce a ba ki guntayen fata, 'yan ƙanana da ba sa isa komai. Ki liƙa a kusurwoyi huɗu da ƙeya, don nan ne littafi yake fara mutuwa a jakar yaro.

Kuma ki sani ba dole sai an ɗinke ba. Alƙur'ani rubutun hannu har gobe warƙa-warƙa yake, a sa shi tsakanin tadarishi, wato bango mai tauri da ba a ɗinke shi da warƙoƙin ba, a ɗaure da tsirkiya, a jefa a gafaka. Littattafan malamanmu na dā da aka rubuta a takardar Italiya, wadda ayari ke kawowa daga Tarabulus, mai tambarin jinjirin wata uku in ka ɗaga ta a haske, haka aka adana su, wasu sun haura shekara 150 suna nan. Ga yaran firamare dai ɗinki ya fi, don za su watsar. Amma babba mai son littafin ajiye bayanai, tadarishi ya ishe shi.

Hajiya Mai Keke

Baba ya gama magana, Allah ya ƙara girma. Ni ta ɓangaren ƙyalle zan ce. Ƙanwata, atamfar auduga ita ce taki, ki bar leshi da yadin nan mai santsi, ba sa kama gam. Ki wanke ƙyallen ki goge shi tukuna. Gam ɗin kuma a jikin kwali za ki shafa, siriri da buroshi, ba a jikin ƙyalle ba, in ba haka ba zai ɓullo ta gaba ya bar tabo mai ƙyalli. Farin gam na kafintoci ya yi, ki ɗan sirka da ruwa kaɗan. Wurin kusurwa ki yanke ƙyallen a karkace, amma ki bar ɗan rara daidai kaurin kwalin, don kada hancin kwali ya leƙo.

In ƙyallayen ƙanana ne, ki kawo wa telanki ya haɗa miki su a keke. Bangon da aka haɗa kala uku ko huɗu ya fi ɗaukar ido.

Ɗalibin Kimiyya

Anti, game da sabuwar takardar. Takarda siraran zaruruwa ce da suka sarƙe da juna. Duk lokacin da aka jiƙa ta aka markaɗa, zaruruwan suna gajarcewa, shi ya sa ko a masana'anta ba ta wuce juyi biyar zuwa bakwai. Takardar littafin makaranta kuma dama ba mai ƙarfi ba ce, don haka taki take karyewa. Ki haɗa da wadda zarenta ya fi tsawo, kamar ambulan mai ruwan ƙasa ko takardar A4.

Bajewar tawada kuma, a masana'anta akwai abin da ake sa wa takarda don kada ta sha ruwa, jiƙawar da kika yi ta wanke shi. Ki dama sitaci ya dahu ya yi ruwa-ruwa, ki zuba kaɗan cikin bahon da markaɗen takardar yake, ko kuma bayan takardar ta bushe ki shafa mata da buroshi ki sake shanyawa. Gwada da biro a gefe zai nuna miki ko ya isa.

Kauri kuwa daga shimfiɗawa da hannu ne. Ki sa kafinta ya yi miki firam biyu daidai da juna, a ɗaure wa ɗaya ragar taga ta yi tsam, ɗayan a bar shi fayau a ɗora a kai. Ki cika baho da ruwa, markaɗen kaɗan ne a ciki, kamar ruwan koko tsararo. Ki motsa, ki nutsa firam ɗin ki ɗago a kwance, ki ɗan girgiza gaba da gefe yayin da ruwan ke tsiyaya. Ki cire na saman, ki kifa ragar a kan tsohon zanen gado mai ɗan danshi, ki danna bayanta da soso, ki ɗaga. Ki jera su da ƙyalle a tsakani ki danne. In ta kusa bushewa ki bi da dutsen guga.

Kada ki sa rasit ɗin POS, sinadari ne a fuskarsa, kada kuma ki sa takarda mai sheƙi. In za ki yi amfani da bilenda, ki ware wadda ba ta girki ba.

Abban Yara, Kaduna

Ni fa Malama, da za ki ji tawa, ki ajiye batun markaɗen nan. Ruwa nawa za ki ƙarar, a garin da ake sayen ruwa a kura? Wuni guda ki fitar da falle ashirin, waɗanda yaro ba zai ji daɗin rubutu a kansu ba. A wannan wunin da kin ɗinka littattafai da yawa. Buƙatar yaran nan ita ce inda za su yi rubutu.

Hajiya Mai Keke

Abban Yara, gaskiyarka ta fuskar yara. Amma kada ta watsar gaba ɗaya. Takardar hannu tana da masu so, ana yin katin biki da ita, ana sa ta shafin farko na littafin kyauta. In ta yi 'yan kaɗan masu kyau ta sayar wa manya, kuɗin zai saya mata gam da zaren na yara. Ruwan bahon kuma ba zubarwa ake yi ba, ana ta ƙara markaɗe a cikinsa.

Malamin Islamiyya

Malama, Allah ya sa a mizani. Tunatarwa ɗaya: kafin ki jiƙa ko ki liƙa wani shafi a bango, ki duba shi. Littattafan darasin addini da na Larabci akwai ayoyi da hadisai da sunayen Allah, wani yaron ma Bismillah yake buɗe kowane shafi da ita. Waɗannan a ware su, a ƙona a wuri mai tsarki ko a binne, kada su shiga turmi ruwansu ya bi kwata. Haka takardun ofis masu ɗauke da sunayen mutane, sakamakon jarrabawa ko lambar waya, ba su dace a ninke su a ba wani ba ko da bayansu fari ne. Kuma a nemi izinin iyaye kafin a ciri shafi daga littafin yaro.

'Yar Maraɗi

Ina gaisuwa 'yan uwa. Mu ma nan muna yi wa yaran lakwal, wato makarantar boko, irin wannan. Abin da ba a ambata ba shi ne kyankyaso da gara, suna son sitaci ƙwarai. Ki dafa kanumfari ki dama sitacin da ruwansa, yana ragewa, kuma ki dama daidai na ranar, don in ya kwana tsami yake yi. Da damina ki tabbata bango ya bushe ƙayau kafin ki tara su wuri ɗaya, in ba haka ba fumfuna za ta kama ƙyallen. Nan ne farin gam ya fi sitaci.

In kina son launi a takardar hannu, ɓawon albasa yana ba da ruwan ɗorawa mai duhu, lalle da ganyen shayi ruwan ƙasa. Zoɓo kam yana da kyau a baho, amma ba ya zama ja a takarda, dusashewa yake yi.

Malamar Firamare, Kano

Kai, Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Baba na gode, Malam na ji tunatarwa, zan ware su tun daga aji. Zan fara da ɗinkin gefe da bangon rubutattun shafuka, markaɗen kuma sai lokacin hutu. Saura tambaya ɗaya ga Mai Aikin Ɗab'i: falle 40 da kwali, da me zan huda ramukan su zo daidai? Kuma bakin shafukan ba ya daidaituwa, don littattafan ba girmansu ɗaya ba.

Mai Aikin Ɗab'i, Zariya

Ki fara ware su bisa girma, don kamfani-kamfani suna ɗan bambanta. Ki yanki siririn kwali daidai tsawon shafin, ki sa alamar ramukan a jikinsa, shi za ki riƙa ɗorawa a kan kowane littafi. Ki matse shafukan da abin maƙale shanya biyu ko uku, ki ɗora a kan katako, ki buga ƙusa mai inci biyu da guduma, ki murɗa ta ki zare. Kwalin a huda shi daban, amma da wannan ma'aunin dai, bayan an lulluɓe shi ya bushe.

Bakin kuma kada ki sa almakashi. Ki yi wa shafukan ɗinkin wucin gadi a rami biyu, in kin tara kamar ashirin ki kai maɗaba'a a datse miki gefe uku a injin yanka, aikin 'yan mintuna ne. Sai dai ki tabbata babu ƙarfe ko ɗaya da ya saura a ciki, don yana ɓata wuƙar injin kuma ba za su sake karɓar miki ba. Bayan an datse ne za ki auna bango, ki ƙara milimita uku a sama da ƙasa da bakin buɗewa.