Me za mu kira "ski" na jirgin sama da Hausa?

1/ 'Yan'uwa masu fassara, ga wata kalma da nake so mu raɗa wa suna: ski, amma na ƙaramin jirgin sama. A Alaska da arewacin Kanada, idan hunturu ya kankama, tafkuna suka daskare, dusar ƙanƙara ta rufe ƙasa, matuƙa sukan ɗaura wa jirage irin su Piper Super Cub da Cessna 185 da Beaver wasu dogayen alluna a ƙafa, su sauka inda taya za ta nutse.

2/ Kalmar daga tsohon harshen mutanen Nowe ta fito, ma'anarta tsagin itace. Da can da katako ake yin su. Yanzu alminiyam ne ko faiba, a shimfiɗa wa ƙasan roba mai santsi. Saboda haka "katakon jirgi" bai shiga ba.

3/ Duk sunan da za mu zaɓa sai ya ɗauki iri uku, domin a kansu matuƙi yake yin zaɓi. Akwai wanda ake cire taya ɗungurungum a sa shi. Ya fi sauƙin nauyi da araha, ya fi tafiya a dusa mai zurfi, amma ba birki, kuma ba ka da ikon sauka a kwalta. Akwai mai rami a tsakiya, tayar tana leƙowa kaɗan ta ƙasa: ka tashi daga kwalta ka sauka a dusa, sai dai tayar nan tana jan jirgi baya wajen tashi. Na uku shi ne wanda ake ɗagawa a sauke daga cikin jirgi, galibi da famfon mai. Ya fi tsada da nauyi. Da irinsa wani matuƙi, Harry Wigley, ya sauka kan tudun ƙanƙarar Tasman a Niyu Zilan a 1955.

4/ Wani malaminmu ya ce a ara kawai, a ce "siki", kamar yadda muka ari taya da birki. Allah ya gafarta Malam, waɗancan mun gan su da ido kafin mu ari sunansu. Wanda bai taɓa taka dusar ƙanƙara ba, ya ji "siki" a rediyo, me zai hango?

5/ Wata yayarmu 'yar jarida ta kawo "allon zamiya", ta ce ai wasan ski na mutane ma "zamiya a kan ƙanƙara" ake ce masa a labarai. Yaya, wannan ya yi kusa. Abin da ya hana ni karɓa shi ne aikin farko na abin nan hana nutsewa ne, zamewa ta biyo baya. Matuƙi faɗinsa yake dubawa: ya isa ya ɗauki nauyin jirgi da kaya a kan dusa mai taushi? Daidai da faffaɗan takalmin Agadas da ke hana ƙafa lumewa a rairayi. Ƙari kuma, ba kullum yake zamewa ba. Idan jirgi ya tsaya, ɗumin gogayya ya narkar da dusar da ke ƙarƙashi, sai ta sake daskarewa ta riƙe shi gam. Shi ya sa ake ajiye shi a kan itace ko rassan bishiya.

6/ Daga nan wani ƙane ya ce to a ce "faden jirgi", daga fade, sunan irin takalmin nan. Ma'anar ta zauna, ƙanena, amma a rubuce harafi ɗaya ne tsakaninsa da wata mummunar kalma. Wanda ya ce "silifar jirgi" kuwa, mun yi dariya, Allah ya saka.

7/ Ni dai na tsaya a kan "takalmin ƙanƙara". Farkon ambato a ce takalmin ƙanƙara na jirgi, daga baya "takalmi" ya wadatar. Yana zuwa da aikatau nasa: an sa wa jirgi takalmi, an cire masa, takalmi ya maƙale. Irin ukun kuma su zama takalmi zalla, takalmi mai huda, da takalmi mai ɗagawa.

8/ Malam ya dawo ya ce mai sauraro zai zaci takalmin da mutane ke gudu da shi a kan daskararren ruwa ne. Gaskiya ne, Malam, shi ya sa "na jirgi" ba ya faɗuwa a jimlar farko. Na gwada shi da babban jirgi: "Jirgin LC-130 na sojan Amurka yana sauka a Antatika da takalman ƙanƙara." Yaya ta ce za ta iya karanta wannan a labaran yamma ba tare da ƙarin bayani ba. Malam ya ce a rubuta haka, amma bai janye "siki" ba.