An ba ni riƙon ofishin kuɗi amma zuciyata ta ƙi kwanciya

Ƴar Kabi:
Assalamu alaikum jama'a, don Allah ku ba ni shawara. Na yi HND a kwalejin kimiyya da fasaha ta Waziri Umaru nan Birnin Kebbi, shekara huɗu ina akanta a wani kamfanin casar shinkafa, watan jiya aka ɗora ni kan ofishin gaba ɗaya. Wallahi tun ranar ban yi barcin kirki ba, kullum ji nake kuskure aka yi kuma wata rana za a gane ban iya komai ba, a ƙarƙashina akwai masu digiri har biyu. Ranar Litinin a mitin manaja ya tambaye ni kuɗin buhunan da aka kai Jega, amsar tana rubuce a gabana amma bakina ya ƙi buɗewa, hannuna sai rawa. Mi ke damuna ne?

Malamin Gusau:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Wanga abu ba ke kaɗai ba ce, har suna gare shi, imfosta sindirom. Wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Pauline Clance da Suzanne Imes, su suka fara bayaninsa a 1978, kuma mata masu ilimi da manyan muƙamai suka bincika, duk da shaidar da ke hannunsu suna ganin sa'a ce kawai ta kai su wurin. Ni shekara 19 ina riƙe da alli, ranar da aka ba ni hedimasta sai da na zagaya bayan aji na zauna don gabana ya daina faɗuwa. Abin da ya taimake ni, na sayi ƙaramin littafi ina rubuta duk abin da na warware a rana, in shakka ta taso sai in buɗe.

Inna Mai Ɗinki:
Ɗiyata kamfani ba ya miƙa wa mutum kuɗinsa don tausayi, shekara huɗu suna kallon lissafinki kafin su ba ki makulli. Masu digirin nan ki riƙa tambayarsu abin da ya shige miki duhu, ba faɗuwa ba ce.

Ƴar Kabi:
Na gode Malam, na gode Inna, Allah ya saka da alheri. Tambayar ce ma nake jin nauyi, gani nake za su raina ni. Amma gobe akwai lissafin haraji da ya tsaya min, zan kira ɗayansu mu duba tare kafin azahar.