Ƙaramar hukuma na bin mu harajin gidan da Baba ya riga ya biya, ga tara a kai

Assalamu alaikum 'yan'uwa, don Allah shawararku nake nema. Mahaifinmu ya rasu a 2021, ya bar mana gida mai shaguna biyu a gaba. Satin nan masu karɓar harajin ƙaramar hukumarmu suka liƙa takarda a ƙofar shagon mai ɗinki, wai ana bin gidan haraji tun daga 2019, ga tarar jinkiri da ta kusa kamo uwar kuɗin. Sun ce in ba a biya ba za su garƙame shagunan.

Baba bai taɓa wasa da harajin nan ba. Rasit ɗinsa na 2019 da 2020 suna cikin jakarsa ta fata, a naɗe cikin leda tare da takardar cinikin gidan. Da na kai su ofis aka buɗe rajista, sai ga shi har yanzu sunan wanda ya sayar wa Baba ne a kan gidan, kuma shaguna huɗu aka rubuta. Ma'aikacin ya juya rasit ɗin ya ce na hannu ne, ba su shiga lissafinsu ba. Na bayan rasuwar Baba na yarda zan biya, ko da yake ba a taɓa kawo mana takarda ba. Amma a sake karɓar abin da aka riga aka karɓa? Dukiyar marayu ce, ƙannena biyu ba su gama sakandare ba.

Tsohon ma'aikacin haraji:
Wa'alaikumus salam ɗana, Allah Ya jiƙan mahaifinku. Da fari, kada ka bar ainihin rasit a hannun kowa, ko da an ce za a duba a dawo maka. Ka yi fotokwafi. Kowane rasit na gaskiya yana da lamba, kuma a littafin da aka yago shi akwai kwafinsa. Ka rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma takarda, kwafi ga ma'aji, ka kawo lambobin, ka nemi a binciko littattafan shekarun nan biyu. In an samu kwafin, magana ta ƙare. In mai karɓa ne ya zuba a aljihu, wannan tsakaninsu ne da ma'aikacinsu, ba na marayu ba. Ka kai takardar kwafi biyu, a buga maka hatimi da kwanan wata a kan naka. Abin da aka faɗa maka da baki a ofis, gobe za a ce ba a yi ba.

Wata 'yar'uwa daga Kaduna:
Ni ma sai da muka sha irin wannan a kan gidan maigidana. Yaya, ko sisi kada ka ba kowa a hannu, sai ta banki, asusun hukuma. Duk wanda ya ce ka kawo rabi ya kashe maganar, baɗi za ka ga bashin yana nan.

Ɗan'uwa lauya:
Malam, a Jadawali na Huɗu na tsarin mulkin 1999 an ba ƙaramar hukuma ikon tantance gidaje don ɗora musu haraji, amma bisa abin da majalisar dokokin jiha ta tsara. Ke nan kuɗin da tarar duka sai da doka a bayansu. A takardarka ka tambaya a fili: wace doka ce ta sa tarar, kashi nawa, daga wace rana aka fara lissafi? Sannan ka ce a zo a ƙirga shagunan da ido, don tarar da aka ɗora a kan shaguna huɗu dole ta sauka in an koma biyu. Ka haɗa da takardar ciniki da ta shaidar rasuwa da ta rabon gado daga kotu domin a gyara sunan. Kada kuma ka haɗa wannan da kuɗin ƙasa na masu takardar mallaka, shi na gwamnatin jiha ne ƙarƙashin dokar filaye ta 1978. In sun yi biris da kai, Hukumar Sauraron Ƙorafin Jama'a tana da ofis a kowace jiha, kuma kyauta ne.

Wani ɗan kasuwa:
Ni dai na ce ka biya duka ka huta. In suka rufe shago, mai haya zai tashi, asarar ta fi tarar.

Tsohon ma'aikacin haraji:
Alhaji, ban goyi bayan haka ba. In ya biya duka ya amsa cewa shaguna huɗu ne, haka za a riƙa cajinsa kowace shekara. Ya biya na 2021 zuwa bana a kan shaguna biyu, ya manna shaidar banki a takardar ƙorafin. Wanda ya biya abin da ba gardama a kai, da wuya a sa masa kwaɗo. Ya kuma tafi da mai unguwa, shi ya san ranar da gidan ya sauya hannu.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Mai unguwa ya ce zai raka ni ranar Litinin. Barista, in na rubuta takardar yau da dare zan turo maka ka duba mini kafin in kai.