Don Allah, me za mu kira perspective a zane?

Malama Hadiza: Assalamu alaikum. Ranar Asabar ina da darasi da masu koyon zane, kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya: perspective. Ba ra'ayi nake nufi ba. Dabarar nan nake nufi da ke sa shimfiɗaɗɗiyar takarda ta yi zurfi: ka zana titi, gefensa biyu suna ta matsewa har su haɗe a ɗigo ɗaya can inda sama ta taɓa ƙasa, na nesa ya fito ɗan mitsitsi. Tarihin yana hannuna, yadda masanin gine-gine Brunelleschi ya gwada ta a birnin Fulorans na Italiya da yadda wani masanin Italiya, Alberti, ya rubuta ƙa'idojinta a 1435. Sunan ne kawai babu.

Sagir: Wa alaikumus salam. Hangen nesa mana, Malama.

Binta: Hangen nesa yana da mai shi. Da ta faɗa, ɗalibai za su zaci nasiha za ta yi musu kan tanadin gobe. Mahanga ma 'yan jarida sun riga sun mayar da ita ra'ayi.

Baba Liman: Ku yara ba ku son waiwaye. Larabawa manzur suke cewa, sai mu ce manzuri. Masanin nan Balarabe Ibnul Haisam ya rubuta littafin Kitabul Manazir a ƙarni na 11, aka juya shi zuwa Latin, Turawa suka karanta.

Binta: Allah ya ƙara girma Baba, amma littafinsa kan yadda ido ke gani ne da tafiyar haske. Kuma wa zai ji manzuri ya gane ba a yi masa fassara ba?

Ɗanladi: Duk ku bari. Tsinkayau! Daga tsinkaya, hango abu daga nesa. Gajeriya, Bahaushiya tsantsa, ba aro ba bara.

Sagir: Malam Ɗanladi, wannan ƙirar ai mutum take bayarwa. Mantau mai mantuwa ne. Tsinkayau zai zama wani tsoho da ke tsaye kan tudu yana leƙen hanya.

Ɗanladi: To ai matsalarmu ke nan. Bature ya ari kalmarsa daga Latin, kowa ya ce ilimi ne. Bahaushe ya ƙera tasa, sai a yi dariya. Yaushe za mu daina raina kanmu?

Baba Liman: Wa ya raina Hausa? Littafi da alƙalami ma aro ne, kuma ba su rage mata komai ba.

Ɗanladi: Tsinkayau dai.

Malama Hadiza: Jama'a, Asabar fa jibi ce.

Binta: Malama, gwada zurfin zane. Dalilina: ba layuka kaɗai ke kawo nisa ba. Mai zanen nan ɗan Italiya Leonardo da Vinci ya yi bayanin ɗaya hanyar, inda duwatsun nesa ke dusashewa su koma shuɗi-shuɗi saboda iskar da ke tsakani. Sai ki ce zurfin layi da zurfin launi, duka a inuwa ɗaya. Ɗigon da layukan ke haɗuwa kuma magama.

Sagir: Magama ta zauna daram. Zurfin zane kuwa ina ɗan tsoro, wani zai ɗauka zane mai zurfin ma'ana ake nufi.

Malama Hadiza: Zan fara zana titin a allo kafin in furta sunan, ba wanda zai ɓata. Na ɗauki zurfin zane da magama. Na gode ƙwarai.

Ɗanladi: Ba komai. Amma ni a ajina tsinkayau zan ci gaba da cewa.