Neman tsohuwar dukiya a cikin kogo: daga ina ake farawa?

Mai_Neman_Sani:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambayata ga waɗanda suka san harkar koguna da kayan tarihi. Kusan kowace ƙasa tana da labarin wani kogo da aka ce sarki ko sojojin da aka ci da yaƙi sun ɓoye zinariya a ciki. Shin akwai inda aka taɓa samu da gaske? Na'urar gano ƙarfe tana aiki a cikin kogo? Kuma idan mutum ya ci karo da wani abu mai ƙyalli, yaya zai tabbatar gwal ne?

Ɗan_Taswira:

Wa alaikumus salam. An taɓa samu, amma ka lura da yadda aka samu ɗin. A watan Afrilun 1945 sojojin Amurka sun shiga wata mahaƙar gishiri a garin Merkers na Jamus, suka tarar da sandunan zinariya fiye da 8,000 na babban bankin ƙasar. Ba tatsuniya suka bi ba. Makonni kaɗan da kai kayan, mutanen garin sun ga shigarsu, bankin kuma yana da lissafinsu a rubuce. Dukiya mai yawa tana barin sawu: motoci, 'yan dako, takardu, masu gadi.

To kwatanta da zinariyar Janar Yamashita na Jafan, wadda ake cewa an binne a ramuka da kogunan Filifins a Yaƙin Duniya na Biyu. An rataye janar ɗin a 1946, kuma har yau ana haƙa. Abin da ya fi ƙarfi a labarin shi ne na Rogelio Roxas, wani mai gyaran makulli da ya ce a 1971 ya tono gunkin zinariya da akwatuna kusa da garin Baguio na Filifins, aka ƙwace masa. A 1996 wata kotu a jihar Hawai ta Amurka ta yanke diyyar dala biliyan 22 a kan iyalan Marcos, tsohon shugaban Filifins da aka zarga da ƙwacen, amma kotun ƙolin jihar ta soke wannan adadi a 1998, domin babu hujjar da ta nuna yawan zinariyar da ke cikin akwatunan da ba a buɗe ba.

Akwai ma wanda ya fi wannan ban mamaki. A 1952, a kogo na uku na Kumran kusa da Tekun Gishiri, an sami wani naɗaɗɗen allo na jan ƙarfe mai lissafa wurare 64 da aka ɓoye zinariya da azurfa da sauran kaya. Taswirar dukiya ce ta gaske, mai shekara kusan 2,000. Masana sun karanta ta, an fita nema, ba a sami komai ba, saboda alamomin da ta ambata, irin su rijiya kaza da matakala kaza, sun daɗe da shafewa.

Don haka aikin farko a ɗakin karatu yake. Ka bi labarin baya-baya har ka kai ga rubutu mafi tsufa da ya ambace shi. Idan an ce an ɓoye dukiyar shekara 300 da suka wuce, amma ba a fara rubuta labarin ba sai shekara 50 baya, to ka san inda ka tsaya. Sannan ka yi lissafin nauyi. Lita ɗaya ta zinariya kilo 19.3 ce. Akwatin da zai ci lita 20 zai kai kilo 386. Duk labarin da ya ce mutum biyu sun ɗauki akwati cike da gwal sun ratsa ramin da sai da rarrafe ake shiga, ya ƙaryata kansa.

Hular_Kwano:

Malam, kafin maganar na'ura, a yi maganar numfashi, domin iskar kogo tana iya kisa.

Iskar waje tana da oksijin kashi 20.9 cikin 100, kabon dayoksaid kuwa kashi 0.04 kacal. A kogon da ba ya samun iska, ruɓar ganye da kashin jemage suna cinye oksijin suna fitar da kabon dayoksaid. Ita kuma ta fi iska nauyi, sai ta kwanta a ramuka da ƙasan gangare. Kana tsaye lafiya lau, da ka sunkuya ko ka sauka mita biyu sai ka faɗa cikinta. A kashi 3 numfashi yana sauri, kai yana sarawa. A kashi 5 mutum yana haki ko da a zaune yake, tunaninsa ya fara rikicewa. Daga kashi 7 zuwa 10 suma ce cikin mintuna.

Ga inda mutane da yawa suke ruɗuwa. Na'urar auna iska da aka fi sayarwa tana auna abu huɗu: oksijin, kabon monoksaid, iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, da iska mai kama wuta. Kabon dayoksaid ba ta ciki. Idan kabon dayoksaid ta shigo ta ture iska har ta kai kashi 5, oksijin zai sauka ne kawai zuwa wajen 19.9, ƙararrawar kuma sai ƙasa da 19.5 take kaɗawa. Na'ura tana shiru, mutum yana galabaita. A nemi wadda ke da ma'aunin kabon dayoksaid na musamman, a ɗaura ta a igiya a zura cikin rami kafin kowa ya sauka. Gwajin kyandir ko ashana da ake yi, ba na ba da shawararsa: wuta tana iya ci a iskar da ke cutar da mutum, a tsohuwar mahaƙa kuma tana iya tayar da gobara.

Kada a taɓa kunna janareta ko injin jan ruwa a ciki, ko a bakin kogo inda hayaƙi zai koma. Kabon monoksaid ba ta da wari ko launi. Idan wani ya faɗi a rami, kada na biyu ya bi shi haka nan, domin ta haka ake rasa mutum uku a wuri ɗaya.

Sauran ƙa'idojin ba su da wuya. Mutum huɗu ne mafi ƙaranci: idan ɗaya ya ji rauni, ɗaya ya zauna da shi, biyu su fita neman taimako. Kowa da fitila uku masu batir daban-daban, babbar a manne a hular kwano don hannu ya zama a sake. A bar wa wani a waje sunan wurin da lokacin fitowa, da lokacin da zai kira masu ceto idan bai ji ɗuriyarku ba. Ba a shiga kogon da ruwa ke bi a lokacin damina. Duba bango da rufi: idan ka ga busasshiyar laka ko ƙirare maƙale sama da kanka, ruwa yana kaiwa can. Abin da ya rutsa da yara 12 da kocinsu a kogon Tham Luang na Tailan a 2018 ke nan, suka kwashe fiye da mako biyu a ciki. Matsattsen rami mai gangarawa ƙasa kuma ba a shigarsa da kai. A 2009 wani matashi ya maƙale kai ƙasa a kogon Nutty Putty na jihar Yuta a Amurka, masu ceto suka yi ta fama sama da awa 24, ya rasu a wurin, aka toshe kogon da gawarsa a ciki.

Jemagu ma abin kula ne. Ƙurar busasshen kashinsu tana ɗauke da wani naman gwari mai kama huhu. Zazzaɓi da tari suna tasowa kwana 3 zuwa 17 bayan shaƙa, kuma a hoton ƙirji yana kama da tarin fuka, saboda haka a gaya wa likita an shiga kogo. Takunkumin N95 ake sawa, na ƙyalle ba ya tarewa. Wasu mutum biyu da suka ziyarci kogon Kitum na Kenya a 1980 da 1987 sun kamu da cutar Marburg, mai kama da Ebola. Idan kuwa ramin na zamanin yaƙi ne, katakon da ya tokare rufi ya ruɓe, kuma tsohuwar nakiya tana tashi da ɗan bugu kaɗan. Ka ga harsashi, waya ko akwatin soja, ja da baya ka sanar da hukuma.

Mai_Neman_Sani:

Na gode ƙwarai. To na'urorin da ake talla cewa suna jin zinariya daga nisan kilomita ɗaya ko zurfin mita 30 fa?

Maƙerin_Gwal:

Ɗan'uwa, riƙe kuɗinka. Zinariya ba ta fitar da wani sigina da za a ji daga nesa. Waɗannan masu eriya mai juyawa a hannu, motsin hannunka ne ke juya su. A 2013 wata kotu a Birtaniya ta ɗaure James McCormick shekara 10 saboda sayar da na'ura mai irin wannan ƙira da sunan tana gano bam, alhali babu abin da take ganowa.

Na'urar gano ƙarfe ta gaskiya tana jin kwabo a zurfin santimita 20 zuwa 30, babban abu kamar tukunyar ƙarfe kuma mita ɗaya ko ɗaya da rabi. Iri biyu ne. Mai VLF, wadda ke aika sigina ba tsayawa, tana bambance baƙin ƙarfe da sauran ƙarafa, amma dutse mai sinadarin ƙarfe da damshi mai gishiri suna sa ta kuka ba dalili. Mai PI, wadda ke aika sigina bugu-bugu, ta fi jure irin wannan ƙasa, ta fi zurfi, sai dai ƙusa da zobe duk ɗaya ne a wurinta. Kowacce ka riƙa, sai ka daidaita ta da ƙasar wurin tukuna, ka nisanta ta da takalmi mai ƙarfe a baki. Radar mai leƙa ƙarƙashin ƙasa tana nuna rami ko sauyin ƙasa, ba ta faɗin abin da ke ciki, kuma jiƙaƙƙen yumɓu yana shanye siginarta tun kafin mita ɗaya.

Gwajin gwal kuwa, dutsen da ya fi yaudarar mutane shi ne firit, wanda ake kira zinariyar wawa. Goga shi a bayan tayil marar sheƙi: firit yana barin layi baƙi-baƙi mai ɗan kore, zinariya tana barin rawaya. Wuƙa tana yankar zinariya, guduma tana baje ta, firit kuwa farfashewa yake. Ga abin da aka ƙera, a yi gwajin ruwa. Auna nauyinsa a sikelin da ke nuna ɗigon giram. Ɗora kofin ruwa a sikelin, mayar da shi sifili, ka rataye abin da zare ya nutse ba tare da taɓa gindi ko gefe ba. Raba nauyin farko da adadin da ya fito. Tsantsar zinariya 19.3 take bayarwa, mai karat 18 wajen 15 zuwa 16, dalma 11.3, azurfa 10.5, tagulla wajen 8.5. Abu mai giram 58 da ya nuna 3 a ruwa gwal ne mai kyau, idan ya nuna kusan 7 tagulla ce. Ƙarfen tangistin yana tsallake wannan gwaji, domin nauyinsa 19.25, shi ya sa 'yan damfara suke lulluɓe shi da gwal. Duk wanda ya nuna maka sanda ɗaya ya ce sauran suna kogo, sai ka kawo kuɗin haƙa, damfara ce.

Malama_Tsingaro:

Na yarda da bayanan da suka gabata, sai dai gwajin wuƙa da goge-goge na ɗanyen dutse ne. Abin da hannun mutum ya ƙera ba a kankare shi, ba a zuba masa asid, ba a ma wanke shi.

Abin da koguna suke adanawa da gaske ya fi gwal wuyar samu. Busasshen kogo ba ya sauya zafi ko damshi sosai, saboda haka fata, takarda, tabarma da saƙa suna shekara dubbai a ciki. A 1900 wani mai kula da wurin ibada a kogunan Mogao na ƙasar Sin ya buɗe wani toshasshen ɗaki, aka sami dubun dubatar rubuce-rubuce, har da littafin da aka buga a shekarar 868. A 1961, a kogon Nahal Mishmar da ke hamadar Yahudiya, masu bincike sun sami kaya fiye da 400, galibi na jan ƙarfe, naɗe a tabarma, masu shekara kusan 6,000. Tabarmar da mai neman gwal zai yi wurgi da ita tana cikin abubuwan da aka auna aka san shekarun kayan.

Shi ya sa haƙa take ɓarna. Ƙasar kogo hawa-hawa take, na ƙasa ya girmi na sama, kuma santimita 10 tana iya ɗaukar ƙarnuka. Gawayi, ƙashi da tsingaron tukunya da ke gefen abu su ne shaidarsa. Da gawayin ake gwajin kabon-14 na gano shekarun abu, wanda ke kaiwa shekara wajen 50,000 baya. Shebur ɗaya yana cakuɗa su, kuma ba mai iya mayarwa. Fitar da kaya waje ma haɗari ne. Jan ƙarfen da ya sha gishiri, da ya ji damshi sai ya fara fitar da wani koren gari yana cin kansa. Jiƙaƙƙen katako yana tsagewa idan ya bushe da sauri. Busasshiyar fata ko takarda tana karyewa da zarar an yi ƙoƙarin warware ta.

Idan ka ga abu, bar shi inda yake. Ajiye ma'auni ko biro a gefensa, ka ɗauki hoto daga sama da kuma daga nesa yadda bangon kogon zai fito. Auna nisansa daga wurare biyu tabbatattu a jikin dutse, ka ɗauki lambobin GPS a bakin kogo tunda ba ya aiki a ciki. Zanen bango ba a taɓa shi, ba a yayyafa masa ruwa don ya fito a hoto. Kada a sa wurin a intanet. A kai rahoto hukumar gidajen tarihi ko sashen binciken kayan tarihi na jami'a.

Doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma a yawancinsu kayan tarihin da ke cikin ƙasa na gwamnati ne, haƙa ba lasisi laifi ne, izinin mai fili kaɗai bai isa ba. A Ingila dokar 1996 ta ba wanda ya tsinci taska kwana 14 ya sanar, kuma idan gidan tarihi ya karɓa ana biyan lada, wanda galibi ake rabawa da mai filin. Yarjejeniyar UNESCO ta 1970 ta sa manyan gidajen tarihi ba sa sayen abin da ba shi da takardar asali, don haka wanda ya haƙa a ɓoye a hannun dillalan sata yake ƙarewa, su saya a wulaƙance. Idan sha'awar ta gaske ce, malam, ka nemi ƙungiyar masu shiga koguna ka koyi aikin igiya da zana taswira, sannan ka nemi shiga aikin haƙa na jami'a a matsayin ɗan sa-kai. Suna yawan buƙatar masu tankaɗe ƙasa da rubuta lamba a jakunkunan samfuri.