Liniya aljabra: lissafin yana fita, amma tun da aka shiga bekta sifes kaina ya ɗaure

Ɗalibar_Lissafi:

Assalamu alaikum malamaina. Ina ɗaukar kwas ɗin liniya aljabra, saura mako 6 jarrabawa. Rage matiris ta hanyar Gauss, ditaminan da inbas duk ina iya yi. Amma sabsifes, besis, ranki da nol sifes sun zame mini tamkar wani darasi daban da ba shi da alaƙa da na farkon. In aka ce "nuna cewa" kuwa, ban san ma ta ina ake farawa ba. Don Allah yaya zan tsara karatun, kuma ina ne aka fi zubar da maki?

Malam_Sifiri:

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Darasi ɗaya ne. Rage matiris da kike yi shi ne yake amsa duk tambayoyin nan, abin da ya rage miki shi ne karanta amsar.

Ki fara da sauya yadda kike kallon Ax = b. Yawancin ɗalibai layukan kwance suke gani, wato ikweshan ɗaya bayan ɗaya. Ki kalli layukan tsaye. Ax yana nufin: ɗauki layin tsaye na farko ki ninka da x na farko, na biyu da x na biyu, ki tara su duka. Ke nan tambayar "akwai amsa?" daidai take da "za a iya haɗa b daga layukan tsayen A?" Duk b da za a iya haɗawa haka su ne kolam sifes. Iyakar ma'anar ke nan.

Ga matiris ɗaya, ki yi ta a takarda kina karantawa. Layukan kwancenta su ne (1, 2, 3), (2, 4, 7), (1, 2, 4).

Ɗebe ninki biyu na layi na ɗaya daga na biyu, za ki sami (0, 0, 1). Ɗebe layi na ɗaya daga na uku, (0, 0, 1) kuma. Ɗebe sabon na biyu daga na uku, ya koma sifiri gaba ɗaya. Fibot biyu suka rage (fibot shi ne adadin farko da ba sifiri ba a layin kwance), ɗaya a layin tsaye na 1, ɗaya a na 3. Yanzu karanta.

Ranki 2 ne, don fibot biyu ne. Nol sifes kuwa shi ne duk (x, y, z) da in an ninka da matiris ɗin ake samun sifiri. Layin tsaye na 2 ba shi da fibot, saboda haka y tana da 'yancin ɗaukar kowane adadi. Layi na biyu ya ce z = 0, na farko ya ce x = −2y. Nol sifes ke nan duk ninkin (−2, 1, 0), daimenshan ɗinsa 1. Ranki 2 da 1 sun ba da 3, yawan layukan tsaye. Wannan ita ce ƙa'idar ranki da nol da ake ta haddacewa, alhali ƙidaya ce kawai: kowane layin tsaye ko dai yana da fibot ko ba shi da shi.

Ga inda maki yake zubewa. Besis na kolam sifes daga matiris ta ASALI ake ɗauko shi, wato (1, 2, 1) da (3, 7, 4). Wadda aka rage lambar layin kawai take faɗa miki. In kika ɗauko (1, 0, 0) da (3, 1, 0) daga ragaggiyar, kin faɗi, kuma dalilin a fili yake: duk abin da za ki haɗa da waɗannan biyun adadinsa na uku sifiri ne, ga shi kuwa (1, 2, 1) na ukunsa 1 ne. Aiki a kan layukan kwance yana canza kolam sifes, amma ba ya taɓa nol sifes, ba ya kuma taɓa dangantakar da ke tsakanin layukan tsaye.

Ki ƙara gwada wannan: ki bi lambobin b, wato b1, b2, b3, ta matakan da muka bi. Layin da ya koma sifiri zai ba ki b1 − b2 + b3 = 0. Wannan shi ne sharaɗin samun amsa. b = (1, 2, 1) ya cika shi, b = (1, 1, 1) bai cika ba. A zane kuwa, shimfiɗaɗɗen fili ne da ya ratsa ta sifiri, shi ne kolam sifes ɗin kansa.

Matiris ɗaya ta ba ki tambayar jarrabawa huɗu ko biyar. Kullum ki ƙirƙiri guda ɗaya, wata 3×4, wata 4×3, ki tatse ta haka.

Yaya_Hujja:

Malam ya gama da ɓangaren lissafi. Bari in taɓa "nuna cewa", 'yar'uwa.

Hujjojin wannan kwas yawancinsu gajeru ne, layi biyar zuwa takwas, kuma layin farko daga ta'arifi yake fitowa. Wanda bai riƙe ta'arifin kalma da kalma ba, ba zai iya rubuta layin farkon ba, shi ya sa yake zama yana kallon takarda. Nan wajen hadda tana da amfani. Ta'arifan da suka zama dole ba su da yawa: sabsifes, haɗin bektoci, sifan, cin gashin kai, besis, daimenshan, sauyin liniya, nol sifes, aiginbekta. Kowanne ki rubuta shi a kati, a bayan katin ki sa misali ɗaya da ya cika shi da ɗaya da ya saɓa masa.

Ɗauki sabsifes. Sharaɗi uku: akwai sifiri a ciki, in an tara biyu ba a fita, in an ninka da kowane adadi ba a fita. Ki riƙe waɗannan ukun da suka faɗi, kowanne a wurinsa. Duk (x, y) da x + y = 1: babu sifiri a ciki, an gama. Duk (x, y) da xy = 0: akwai sifiri, ninki ma lafiya, amma (1, 0) da (0, 1) suna ciki, tarinsu (1, 1) yana waje. Duk (x, y) da babu mai mainos a cikinsu: tarawa lafiya, amma ninka da −1 ki ga an fita. Don rusa magana misali ɗaya mai lambobi ya isa. Don tabbatar da ita kuwa misali dubu ma bai isa ba, sai da haruffa. Ɗalibai da yawa juya wannan suke yi.

Cin gashin kai kullum da jimla ɗaya ake buɗe shi: "A ɗauka haɗinsu ya ba da sifiri." Misali, an ce u da v masu cin gashin kansu ne, nuna cewa u + v da u − v ma haka. Rubuta a(u + v) + b(u − v) = 0. Tattara: (a + b)u + (a − b)v = 0. Tun da u da v masu cin gashin kansu ne, dole a + b = 0 kuma a − b = 0. Tara biyun, 2a = 0, ke nan a = 0, b = 0. Shi ke nan. Ki lura da wajen da aka yi amfani da abin da aka ba ki. In kika kai ƙarshen hujja ba ki taɓa abin da aka ba ki ba, akwai ɓaraka a wani wuri.

Kada kuma kalmar bekta ta tsaya miki a kibiya ko jerin lambobi. Folinomiyal ma bekta ne. Waɗanda ƙarfinsu bai wuce x² ba suna da besis 1, x, x², daimenshan 3 ke nan, ba 2 ba (ana yawan mance 1 ɗin). Difarensiyeshan sauyin liniya ne a kansu: 1 ya koma 0, x ya koma 1, x² ya koma 2x. Rubuta kowace amsa a matsayin layin tsaye, (0, 0, 0), (1, 0, 0), (0, 2, 0), ga matiris ɗinki. Daga nan aikin Malam ne: ranki 2, nol sifes kuma adadi zalla.

Injiniya_Kwamfuta:

Ni kurakuran hannu zan lissafo, don sun fi rashin fahimta cin maki.

Mafi muni shi ne rage matiris kafin neman aiginbalu, wato adadin λ da Av = λv ga wani bekta v da ba sifiri ba (v ɗin shi ne aiginbekta). Ɗauki layuka (2, 1) da (1, 2). Hanyar daidai: ditaminan na A − λI, ya ba da λ² − 4λ + 3 = 0, ke nan 1 da 3. Wanda ya fara ragewa zai sami (2, 1) da (0, 3/2), ya karanta 2 da 1.5, duk ba daidai ba. Sai an ɗebe λ tukuna ake ragewa, kuma aiginbekta ake nema da ragewar. Na 3 shi ne (1, 1), na 1 shi ne (1, −1). Dubawa ba ta cin minti guda: tarin aiginbalu daidai yake da tarin lambobin dayagonal, 2 + 2 = 4, ninkinsu kuma daidai da ditaminan, 3. In kika sa λ kika rage, babu layin da ya koma sifiri, to λ ɗin ne ba daidai ba, koma baya. Amfanin duk wahalar nan: neman A¹⁰ ba sai kin ninka A da kanta sau goma ba, 3¹⁰ = 59049, sai lambobin su fito 29525 a dayagonal, 29524 a gefe.

Ba kowace matiris ce take komawa dayagonal ba. Layuka (1, 1) da (0, 1): aiginbalu 1 ya maimaita sau biyu, amma aiginbekta mai cin gashin kansa ɗaya tak. Malamai suna son wannan tambaya sosai.

Ditaminan: musanya layi biyu yana juya alama, ki riƙa sa ɗan alama a gefen takarda duk lokacin da kika yi. Ninka matiris n×n da k yana ninka ditaminan da kⁿ. Ditaminan ba ya bin tarawa: I + I na 2×2 yana ba da 4, alhali 1 + 1 biyu ne. Dabarar Sarrus ta zana layuka a karkace 3×3 kaɗai take yi wa aiki. Daga 4×4 zuwa sama ki rage zuwa mai kusurwa uku ki ninka dayagonal. Buɗe ta da kofakto har ƙarshe a 10×10 gaɓa 3,628,800 ne, ragewa kuwa ninki ɗari uku da 'yan kai.

AB ba lallai ya zama BA ba, kuma AB = 0 ba ya nufin ɗayansu sifiri ne. Inbas na AB shi ne B⁻¹A⁻¹: wanda ya shiga ƙofar gida sannan ta ɗaki, in zai fita ta ɗakin zai fara bi.

A Gram-Schmidt, sababbin bektocin da kika gyara ake ɗebe inuwarsu, ba na asali ba. Daga (1, 1, 0) da (1, 0, 1), na biyun zai fito (1/2, −1/2, 1). Ninka da 2 ya zama (1, −1, 2) ki huta da firakshan, ki duba dot firodak sifiri ne kafin ki wuce. Raba da tsawo sai a ƙarshe.

Ki riƙa duba amsa da kayan lissafi na kwamfuta, NumPy ko Octave, bayan kin gama da hannu. A NumPy, A * B adadi da adadi yake ninkawa, A @ B ake so. Ditaminan da ya kamata ya zama sifiri yakan fito ɗan mitsitsin adadi saboda yadda kwamfuta take taƙaita lambobi, don haka matrix_rank ya fi aminci. Aiginbekta kuma zai zo miki 0.707 da 0.707 maimakon (1, 1), abu ɗaya ne an mai da tsawonsa 1. Laccocin Gilbert Strang na kwas 18.06 na jami'ar MIT ta Amurka suna intanet kyauta, ta layukan tsaye yake koyarwa kamar yadda Malam ya nuna.

Malam_Sifiri:

Injiniya, laccocin suna da kyau, amma mai mako 6 ba ta da lokacin kallonsu duka, kuma kallo yana sa mutum ya ji kamar ya iya. Ta kalli na inda ta maƙale kawai, ta rufe, ta sake yin misalin da kanta. Sannan ta duba salon malaminta, domin kwas ɗin Strang ya fi karkata ga lissafi da amfani, wasu malaman kuwa hujja suka fi tambaya.

Ƙanwata, mako biyu na farko ki ba sabsifes, besis da ranki, don komai a kansu yake zaune. Na uku sauyin liniya da canjin besis, na huɗu aiginbalu, na biyar dot firodak da Gram-Schmidt in suna cikin manhajarku. Na shida tsofaffin takardun jarrabawa da agogo a gabanki. Awa ɗaya da rabi kullum ya fi awa goma ranar hutu. Tambayar da ta ƙi, ki ba ta minti 20 kafin ki leƙa amsa, in kin leƙa layi ɗaya kawai, ki rufe ki ci gaba.

Ɗalibar_Lissafi:

Allah ya saka da alheri. Na yi misalin Malam ya fito daidai. Saura ɗaya: a matiris 3×5, shin nol sifes zai iya zama sifiri kaɗai?

Yaya_Hujja:

Ƙidaya fibot. Layin kwance uku ne, kowanne fibot ɗaya yake iya ɗauka, ke nan ranki ba zai wuce 3 ba. Layin tsaye biyar, aƙalla biyu ba su da fibot, daimenshan na nol sifes aƙalla 2. Ba zai yiwu ba. Yanzu juya ta zuwa 5×3 ki tambayi kanki ko Ax = b tana da amsa ga kowane b, ki kawo mana abin da kika samu.