Baƙi ne suka ɓata birni, ko 'yan gari ne ba su lura da hannunsu a ciki ba?

Malam Garba: Akwai maganar da ake ji a kusan kowane babban birni daga bakin waɗanda aka haifa a cikinsa: da can garin nan ba haka yake ba, baƙi ne suka cika shi suka ɓata shi. Ni ina ganin gaskiya ce, ko da ba ta da daɗin ji. A 1950 kusan kashi 30 cikin 100 na mutanen duniya ne ke zaune a birane. A 2018 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce sun kai kashi 55, ana kuma hasashen kashi 68 a 2050. Bututun da aka shimfiɗa domin mutum dubu ɗari ba zai shayar da dubu ɗari biyar ba. Wanda ya san lokacin da famfo ke zuwa da ƙarfi shi ya san abin da aka rasa, wanda ya zo jiya kuwa bai ma san an yi ba.

Hajiya Rabi: Malam Garba, alƙalumanka daidai ne, amma ba su nuna cewa baƙi ne ba. Ta hanya uku birni ke ƙaruwa, kuma masu ƙidaya ba sa cakuɗa su: haihuwar da ta zarce mutuwa a cikin garin, ƙaura daga waje, sai kuma birni ya miƙe ya haɗiye ƙauyukan gefensa. A ɗauka gari ne mai mutum miliyan ɗaya, cikin kowane 1,000 ana haihuwar 35 a shekara ana rasa 10. Ƙarin mutum 25,000 ke nan duk shekara ko da ba wanda ya shigo. Kashi 2.5 ne a shekara. Don gano shekarun da gari zai ninka akan raba 70 da wannan kason: raba 70 da 2.5, za ka ga cikin shekara 28 garin ya ninka. A ƙasashe masu tasowa da yawa wannan hanya ta farko ce ta fi yawa. Ta ukun ita ce ta fi ba ni tausayi. Mutum yana zaune a gonar kakansa, birni ya zo ya iske shi, sai na tsakiyar gari ya riƙa kiransa baƙo alhali bai gusa ko taku ɗaya ba.

Ga kuma yawan gidaje. Mutum 100,000 idan takwas-takwas suke kwana a gida, gida 12,500 ya ishe su. Idan 'ya'ya suka fara ware nasu aka koma biyar-biyar, sai an nemi 20,000. Filin da ɗan gari ke kukan ya ƙare, wani ɓangarensa ɗansa ne ya gina.

Malam Garba: Hajiya, akwai rami a lissafin nan. Masu ƙaura yawanci matasa ne, a birni suke aure su haihu. 'Ya'yansu kin zuba su a layin haihuwa, alhali ƙaura ce ta kawo su.

Hajiya Rabi: Wannan haka yake, masana ƙidaya ma sun yarda da shi. To amma yaron da aka haifa a garin, ya yi makaranta a garin, bai san wani gari ba, baƙo ne? Chicago ta Amurka mutum 4,470 ne a cikinta a ƙidayar 1840, a 1890 ta haura miliyan ɗaya. Idan jikan baƙo baƙo ne, kusan babu ɗan gari a can.

Injiniya Bala: Ku bar ni in shigo ta wajen ambaliya, don a nan ne aka fi ɗora wa baƙi laifi. Idan dattijo ya ce unguwar nan ba ta taɓa cin ruwa ba sai yanzu, ku gaskata shi, ya gani da idonsa. Inda yake kuskure shi ne dalili. Ruwa ba kawunan mutane yake ƙirgawa ba, ƙasar da aka rufe ita ce matsalar. Ruwan sama mai milimita 50 a kan hekta ɗaya lita 500,000 ne. Idan filin ciyawa ne ko gona, kamar kashi 20 ne ke gudu a sama, sauran ƙasa ta shanye: lita 100,000. Idan an rufe wurin da kwano da siminti da kwalta, kashi 90 na iya gudu: lita 450,000, kuma a lokaci guda yake isowa, ba a hankali ba. Kwalbatin da aka auna wa ruwan farko dole ya tumbatsa. Gida ɗaya na mai hali da aka daɓe tsakar gidansa kaf da siminti yana iya tura wa titi ruwan da ya fi na ɗakunan haya goma.

Sannan kududdufi. Mutane suna ganinsa matattarar sauro da shara, amma shi ne ke riƙe ruwan na 'yan sa'o'i har magudana ta sauƙaƙa. Ranar da aka cike shi aka yanka filaye, ruwan zai ci gaba da zuwa wurin, sai dai yanzu falo zai tarar. A nan baƙo yake cutuwa: da rani ya zo duba fili, ƙasa a bushe, farashi da sauƙi. Ɗan gari ya san da can tafki ne.

Safiyo Audu: Injiniya, ka tsaya a daidai inda ya kamata a yi tambaya. Wa ya sayar masa? Baƙo ba ya zuwa da fili a jaka. Da ɗan gari akan ci gari. Mai gonar gado ne ke yin awon igiya, ya matse layi ya koma mita uku don ya ƙara fuloti biyu, bai bar wa magudana ko makaranta komai ba. Magada ne ke raba fuloti mai mita 15 da 30 gida huɗu. Illar tana fitowa a rijiya. Ƙa'idar da ake bi ita ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin masai da rijiya, kuma gindin ramin ya tsaya mita ɗaya da rabi sama da ruwan ƙasa. A fulotin da aka raba huɗu, ina za a samo mita 30? Masan maƙwabci yana jingine da rijiyarka, katanga ce kawai a tsakani, ita kuma ba ta shiga ƙarƙashin ƙasa. Sai gudawa ta yawaita a ce baƙi sun kawo ƙazanta.

A Shenzhen ta China an ga wannan ƙarara. An mai da ita yankin tattalin arziki na musamman a 1980, a ƙidayar 2020 ta haura mutum miliyan 17. Mutanen ƙauyukan da birnin ya kewaye su ne suka ɗaga benaye a kan filayen gidajensu, manne da juna har ana iya miƙa hannu daga taga zuwa taga, suna ba ma'aikata baƙi haya. Cunkoson na gaske ne, amma masu gidan ba baƙi ba ne.

Malama Zainab: Ina so a ji ta bakin baƙon shi ma, don har yanzu a kansa ake magana ba da shi ba. Akwai garin da ɗan gari bai taɓa shiga ba ko da a cikinsa aka haife shi: garin mai neman ɗaki. Kuɗin dillali, hayar da ake nema a dunƙule tun kafin a ba da makulli, neman wanda zai tsaya maka, mai gida da ke tambayar asalinka kafin ya tambayi sana'arka. Wanda ya gaji gida a tsakiyar gari da ƙafa yake zuwa aiki. Baƙo yana can bakin gari inda haya ke da sauƙi, mota biyu ko uku yake hawa, abin da ya rage a haya ya tafi a kuɗin mota. Shi ya sa idan aka tambaye su babbar matsalar gari, ɗaya zai ce hayaniya da rashin kunyar yara, ɗaya zai ce haya da sufuri, kuma kowa gaskiyarsa ya faɗa.

Duba Brasília, babban birnin Brazil. An buɗe ta a 1960, amma leburorin da suka gina ta ba a tanadar musu wurin zama na dindindin a tsakiyarta ba. A 1971 aka kafa garin Ceilândia can nesa aka kwashe mazauna unguwannin da suka tashi ba izini aka kai su. Birnin da ya buƙaci hannunsu bai shirya wa kwanansu ba. Yawancin abin da ake kira ɓarnar baƙi daga irin wannan gibin yake fitowa.

Sai dai baƙo ma yana da makantarsa. Ranar da ya iso ita ce ma'auninsa. Daniel Pauly, masanin kamun kifi, ya yi bayanin wannan a 1995: kowane zamani abin da ya tarar shi yake ɗauka a matsayin daidai, don haka ba ya jin asarar da aka yi kafin zuwansa. Baƙo ya tarar ana sayen ruwa, sai ya ɗauka haka birni yake, ba zai nemi a gyara famfo ba. Bayan shekara goma shi ma zai fara cewa sababbin zuwa sun ɓata unguwa.

Malam Garba: Na karɓi maganar fili da ta ruwa. Amma Malama, akwai abin da ba a auna shi da mita. Unguwar da kowa ya san uban kowa, yaro ba ya ɓarna a layi a ƙyale shi, kuma idan aka ce a fito yasar kwata ana fitowa. Yanzu mutum bai san sunan na jikin katangarsa ba. Wannan zuwan baƙi ne ya kawo shi, ba siminti ba.

Malama Zainab: Asarar gaskiya ce, Malam, ba na raina ta. Amma ana iya auna ta: a tambayi kowane gida shekara nawa suka yi a wannan layin. Abin da ke kashe sanayya shi ne yawan tashi, ba asalin mutum ba. Ɗan hayar da ya san za a iya ƙara masa kuɗi ko a ba shi notis baɗi ba zai sa kuɗinsa a gyaran kwata ba, ko ɗan asalin garin ne. Baƙon da ya mallaki gida ko ya sami haya mai tsawo shi ne kan gaba a taron unguwa.

Malam Garba: Ban gamsu duka ba. Ko an zauna shekara ashirin, idan ba harshe ɗaya ba tarbiyya ɗaya, sanayyar ba ta kai ta da. Amma ina so in san yadda za a tabbatar da abin da dattawa ke faɗa, don kada a ce ƙorafin tsufa ne kawai.

Safiyo Audu: Ana iya yi. Hotunan tauraron ɗan'adam na Landsat sun faro tun 1972, an kuma sake su kyauta a 2008. Kowane ɗigo a hoton yana daidai da mita 30 a ƙasa a na baya-bayan nan, don haka ba za ka ga gida ɗaya ba, amma za ka ga tafki da gona da inda gini ya ci. Don ganin layi da rufin gida, tsofaffin hotunan Google Earth sun fi. A kiyaye abu ɗaya: hoton rani da na rani ake gwadawa, in ka haɗa na damina da na rani za ka ga koren da bai ɓace ba ka ce ya ɓace. Daga nan a buga hoton a kai wa dattawa su nuna inda ruwa ke bi da can. Kada a tambaye su shekara, don ƙwaƙwalwa tana matso da abin nesa kusa. A tambaya kafin a yi titin ne ko bayan an yi, sannan a nemo shekarar titin a takarda. A duba tabon ruwa a jikin tsofaffin katangu a auna tsayinsa. A zura igiya mai nauyi a tsofaffin rijiyoyi a auna zurfin ruwan a wata iri ɗaya kowace shekara, don inda burtsatse ta yi yawa ruwan ƙasa sauka yake, har ƙasar kanta ta nitse kamar yadda ake gani a arewacin Jakarta ta Indonesiya.

Hajiya Rabi: A ƙara da waɗanda suka tashi. Idan waɗanda suka rage kaɗai aka tambaya, an ji ta bakin masu gida ne kawai. Wanda tsadar haya ko ambaliya ta kora yana wata unguwa, kuma sau da yawa haifaffen wurin ne. A nemi tsofaffin rajistar makarantar firamaren unguwar da littafin masu karɓar haya, daga nan ake gano su.